Abin Wasan Ɗan Fari

Guda uku Mode ya jera a kan tabarma a tsakar gida, ya ja da baya ya tsuguna yana goge hannu a jikin riga. Mode mai gyaran agogo ne a bakin tashar Bodinga, kuma taubashin maigidan ne, Tukur, shi ya sa yake shigowa har cikin gida. Gem ake ce wa abubuwan da ya kawo. Kowanne ɗan akwati ne mai gilashi a tsakiya kamar talabijin, in ka danna sai wasu 'yan halittu baƙaƙe su yi ta guje-guje a ciki suna tsuwa.

A daminar 1983 ne, saura 'yan makonni a yi zaɓe. Ruwa ya yi ƙaranci, gero ya tsaya iya gwiwa, sabulu da madara sun ɓace daga kantuna. Amma Tukur, wanda ya ajiye fataucin albasa ya koma bin jam'iyya, ya ga irin wannan abin a hannun ɗan ciyaman, ya rantse nasa ɗan ba zai kwana uku babu shi ba.

Ɗan nasa, Maniru, shekararsa uku. Yana zaune a cinyar kakarsa, Inna Uwani, ya zuba wa tabarmar ido. Uwarsa Safinatu tana ƙofar madafa tana tankaɗe, ta ba su baya.

"Kai ba ka san komi ba sai albasa, bari in gwada maka," in ji Mode. Ya ɗauki babban cikinsu. "Wanga shi na na yara. Batirin tocila aka sa mai, kuma marfinai da noti anka ɗaure shi, ko jaki ya taka ba shi buɗewa. Biri na ciki shina cahe mangwaro. Babu harbi, babu kisa, kuma ba shi sauri. Ɗan shekara uku, wanga ad daidai da shi."

"Wanga awa bulo?" Tukur ya yi tsaki. "In an ga ɗana da shi sai a ce gini mukai. Wancan hwa?"

"Tseren motoci na. Sauri gare shi, yaro ba shi iyawa, kuka kawai za ka saya."

Hannun Tukur ya riga ya kai kan na ukun. Siriri ne, ruwan zinariya, da agogo a kusurwa, jiragen yaƙi suna zubo wuta a ciki.

"Aje wannan," in ji Mode. "Na manya na. Dubi nan." Ya sa farcen babban yatsa ya tura marfin baya, sai ga batir biyu sun faɗo a tafinsa, farare, masu sheƙi, kowanne faɗin sisi. "Ka gani? Ba noti, ba komi. Yaro in ya ga wanga, alewa yag gani."

"Irinai na gani hannun ɗan ciyaman."

"Ɗan ciyaman shekaratai sha biyu."

"To nawa ya hi shi kai, ɗan gyaran agogon banza."

Inna Uwani ta yi dariya, ta girgiza yaron a cinyarta. "Ku ba mijina wanda yah hi kyau. Maigidana ba shi riƙon bulo."

Mode ɗan kasuwa ne. Ya faɗi gaskiya sau ɗaya, ya ga ba ita ake saye ba, sai ya sayar da abin da ake so. Yana naɗe sauran biyun a tsumma ya ce a dai manne marfin da salatif. Tukur ya ce to. Babu salatif a gidan, kuma babu wanda ya sake tunawa da shi.

Safinatu ta ji komai, ta kuma saci kallon batir biyun a tafin Mode. Da za a tambaye ta, birin da mangwaro za ta zaɓa. Amma ba a tambayar uwa a kan ɗanta na fari, ita ma ba ta sa baki. Tun ranar da aka yaye Maniru aka kai shi ɗakin Inna, a can yake kwana, a can yake ci. Safinatu ba ta kiran sunansa, "yaron nan" take cewa. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke fara tashi ba, in ya yi abin dariya sai ta sunkuyar da kai ta yi tata a ciki. Kowa a unguwar yana yabonta da wannan. Ana cewa 'yar mutanen Kajiji ta san kunya.

Kwana goma sha wani abu gem ɗin yana tsuwa a gidan. Da yamma Tukur ke zura shi a aljihu ya fita da shi majalisa, da rana kuwa na Maniru ne. Yaron bai taɓa gane jiragen ba. Danna shi yake yi ya kara a kunne, in ya gaji ya sa a baki.

Ran wata Talata da hantsi Safinatu tana daka, Inna tana rumfa da baƙi biyu mata, ta hango yaron a gindin randa yana gatsar bayan abin da haƙora. Taɓaryar ta tsaya a hannunta. Taku shida ne tsakaninsu. Ta dubi rumfar, ta ga idon ɗaya baƙuwar a kanta, sai ta ce wa iska, "Da dai an karɓe abin nan." Ba wanda ya ji. Ta ci gaba da daka.

Ba ta kai ga tankaɗe ba ta ji tari, sannan kuka. Inna ta ɗauke shi tana bubbuga bayansa, ta ba shi ruwa, ya yi shiru. Gem ɗin yana yashe a ƙasa, gilashinsa ya mutu, marfin yana gefe. Da baƙin suka tafi Safinatu ta ɗauki tsintsiya. Ta tsinci batir ɗaya a gindin randa. Ta share tsakar gidan kaf, ta tara ƙasar ta zuba a rariya ta tankaɗe kamar gari. Ta ɗaga randar, ta leƙa akurkin kaji, ta kakkaɓe tabarmi. Biyu Mode ya nuna a tafinsa, da idonta ta gani. Ɗaya ne a hannunta.

Da yamma Maniru ya ƙi tuwo. Miyau yana dalala daga bakinsa har ya jiƙa gaban rigarsa.

Washegari ta kai wa Tukur koko ɗakinsa, ta same shi yana ɗaura agogo, ya sha babbar riga. Ta ajiye kwanon ta durƙusa. Ta ɗora batir ɗin a gefen faranti.

"Malam, ɗaya bai ganu ba."

"Mi?"

"Na abin wasan. Biyu na, ɗaya nis samu. Kuma yaron nan bai ci komi ba tun jiya."

Tukur ya juya batir ɗin da yatsa. "Ya shige ƙasa. Ko kaza ta haɗiye. In aika ma Mode shi kawo wani."

"Na tankaɗe ƙasar."

Ya ɗago ya dube ta, ya yi murmushi irin na wanda ya kama yaro da satar nama. "Safinatu, yaushe kinka hwara? Ɗan Inna na. Inna ta haihi tara, ta san zazzaɓin yara tun ba a haihe ki ba. Garin Shagari za mu, taro na kwana uku, manya na zuwa daga Ikko. In na dawo in gani. Kada kowa shi hita sai na dawo."

Ya kurɓi kokon sau biyu, mota ta yi masa oda a waje, ya fita.

Ranar nan ko kunu Maniru ya sha sai ya dawo. Jikinsa ya ɗau zafi. Yana nuna ƙirjinsa da yatsa yana cewa, "Nan, Inna, nan." Inna Uwani ba muguwa ba ce, kada a yi mata ƙarya. Ta bar kaɗinta, ta bar barcin rana, tana goye da shi tana zagaya gida tana yi masa waƙa. Ta jiƙa masa sassaƙe, ta aika aka karɓo rubutu. Duk abin da ta sani ta yi. Abin da ba ta sani ba ne ba ta yarda akwai shi ba.

Ran Alhamis Safinatu ta kai ruwan zafi ƙofar ɗakin tsohuwar, ta tsaya daga waje, ta yi magana tana kallon dabe.

"Inna, ko abin wasan nan ne. Batir guda ya ɓace."

"Sai mi?"

"Ko ya haɗiye."

"In ya haɗiye ai shina hitowa. Ubanai kwabo guda yah haɗiye shina kamar wanga, mai huji, kwana biyu sai ga shi cikin bayan gida. Na wanke shi nis sayi ƙosai da shi." Inna ta gyara goyon. "Wanga ba shi na ba. Belu na yas sauko. Ba ki ga miyau ba? Ba ki ga ba shi haɗiya ba? Gobe Bawa wanzami shi zo shi cire, ki ga ya ci tuwo."

"Inna, da dai an kai shi asibiti an duba."

Tsohuwar ta juyo gaba ɗaya. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Ke 'yar nan. Ni za ki koya ma ciwon yaro? A kan ɗan hwari? Shekara huɗu kina gidan ga ban taɓa jin an ce ga aibinki ba. Kada ki ɓata yau. In mata sunka ji kina tsaye bakin ɗakina kina shari'a a kan wanga yaro, da wane ido uwarki za ta shiga biki a Kajiji? Aje ruwan ki tahi."

Ta ajiye ruwan ta tafi.

Amma maganar kwabon ta ba ta abin riƙewa. In Inna ta zubar da fon yaron a bayan gida, sai Safinatu ta faki ido ta zagaya da ɗan kara ta tona. Ta yi haka ran Alhamis, ta yi ran Jumma'a da safe. Ba ta ga wani abu mai sheƙi ba. Abin da ta gani baƙi ne kamar kwalta, da wari irin wanda ba ta taɓa ji daga jikin yaro ba.

Bawa wanzami ya zo kafin a tafi masallaci, da zabirarsa a kafaɗa. Ya danna harshen yaron da ɗan itace ya leƙa, ya gyaɗa kai.

"Hajiya, kin yi gaskiya. Ga shi nan ya yi ja. Da an ƙara kwana biyu da ya toshe."

Wanzami bai taɓa leƙa maƙogwaron yaro ya ce babu belu ba. Inna ta zauna ta matse ƙafafun Maniru a tsakanin cinyoyinta, wata maƙwabciya ta riƙe kansa. Safinatu tana madafa, nan ne wurinta a irin wannan rana. Ta durƙusa gaban murhu tana hura wutar da ta riga ta kama. Ta ji ƙarar ƙarfe a cikin kwano. Ta ji muryarsa, wadda ta dushe kwana uku, ta fito gaba ɗaya sau guda, ba Inna ya kira ba, ba kowa ya kira ba, sannan ta koma gurnani. Hayaƙi ya ba ta dalilin hawaye. Maƙwabciyar ta leƙo neman toka, ta gan ta a haka, ta koma tana cewa, "Kai, Safinatu akwai kawaici. Ko motsi ba ta yi ba."

Daga ranar duk abin da ya fito daga bakin yaron yana da bayani. In ya ƙi abinci, ciwon yanka ne. In ya tofar da jini, na belu ne, dattin ne ke fita.

Ran Asabar Mode ya shigo da sabon batir a ƙunshe a takarda, saƙon Tukur ya same shi. Ya gaida Inna, ya tsokani yaron bai kula shi ba. Maniru yana kwance a tabarma, idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun tsage, numfashinsa yana fita da wani ɗan sauti kamar ana jan zare a ƙwarya. Mode ya zo ƙofar madafa karɓar gem ɗin.

"Matarmu, ina tsohon? Ko kin sai da shi kin sayi ɗan kunne?"

Ta miƙa masa guda ɗayan. Ba ta ɗago ba. "Ɗaya na. Tun Talata. Na tankaɗe ƙasar gidan ga duka. Tun ranar bai haɗiyi komi ba."

Wasan ya bar fuskar Mode. Ya dubi abin da ke tafinsa, ya dubi tabarmar.

"Inna ta ce awa kwabo na, shina hitowa," in ji Safinatu. "Hakanan na?"

Mode ya girgiza kai. "Kwabo ƙarhe na kawai. Wanga akwai magani ciki. In ya jiƙa cikin agogo, in na buɗe sai in iske ya cinye ƙarhen, ya yi kore, ya huje." Ya rufe tafinsa a kan batir ɗin. "Ƙarhe, Safinatu."

Ya je ya tsuguna gaban Inna ya faɗa mata, da ladabi, yana murza hula a hannu. Ya ce a bar shi ya ɗauki yaron yanzu ya kai Sakkwato. Inna ta saurare shi har ya gama.

"Mode, wa yak kawo abin nan gidan ga?"

"Ni na, Inna, amma ai na ce..."

"Kai kak kawo shi. Yanzu kana son ka ɗauki ɗan mutane, ubanai ba shi gari, da ɗanyen yanka a wuya, ka kai ma likita shi ce wa yat taɓa shi, a zo a kama Bawa, a ce ni nis sa. In ya mutu a hanya hwa? Kai za ka tsaya gaban Tukur?"

Mode bai ce zai tsaya ba. Ya miƙe, ya ce zai ba direban da ke zuwa Shagari saƙo. A zaure Safinatu ta ji shi yana gaya wa kansa, da ƙarfin da za a ji, "Ni dai na hwaɗi tun ranar hwarko. Allah na gani na hwaɗi." Da la'asar amsa ta dawo ta bakin direban: an ƙara wa taro kwana ɗaya, Tukur ya ce a yi haƙuri gobe yana tafe, kada a yi komai sai ya zo.

Lahadi da safe, rana ta ɗan ɗaga, Safinatu tana wanke-wanke ta ji Inna ta yi salati. Ba irin salatin da ake yi in tuwo ya zube ba. Ta saki kwanon. Ba ta tsaya a ƙofa ba wannan karon, ta ɗaga labulen ta shiga ɗakin da ba ta taɓa shiga babu sallama ba. Jini ne a kan zanen Inna, ja wur, ya fi cikin ludayi, kuma wani yana biyowa ta gefen bakin yaron.

"Na belu na," in ji Inna. "Ɗauko toka da..."

Safinatu ta sunkuya ta ɗauke shi daga cinyarta. Bai fi nauyin ƙwaryar gari ba. Ta juya shi bayanta, ta warware zanen sama ta ɗaure. Rabonta da goya shi tun yaye, amma bayanta bai manta ba.

"Ke! Ina za ki? Safinatu! Mijinki ya ce kada a hita! In kinka taka zauren nan..."

Ta taka. Babu takalmi, babu mayafi sai ɗankwali. Dattawa uku suna zaune a dakalin ƙofar gida suna sauraron rediyo, suka bi ta da kallo baki buɗe. Ta nufi tasha ta cikin kasuwa, ta bi ta gaban masu awo, ta gaban teloli, tana sauri tana jin zafin numfashinsa a tsakanin kafaɗunta. Wajen masu albasa ne ta ji kansa ya saki ya faɗa gefe.

"Maniru!"

Kasuwa ta juyo.

"Maniru! Maniru, ɗana, tashi! Ni ta, Maniru!"

Wata mai fura ta dafe ƙirji. Wani ya ce, "Ba matar Tukur ta ba? Ba ɗan hwarinta na ba?" Yaron ya motsa, ya buɗe ido rabi. Bai saba jin sunansa da wannan muryar ba, sai ya yi ƙoƙarin waiwayowa ya ga ko wace ce.

Mode ya gan ta daga rumfarsa. Nan take ya bar agogunan mutane a buɗe, ya tare wata bas da ke lodin Sakkwato, ya sa aka matsa mata.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙirjin yaron. Likitan, wani mai furfura a gefen kai, ya ɗaga hoton a jikin taga ya nuna mata. Ga ƙasusuwan haƙarƙari kamar na ɗan tsako, ga wani abu fari, zagayayye, a tsakiya, daidai inda Maniru yake ta nunawa da yatsa.

"Kwana nawa?"

"Yau shida."

"Kun san ya haɗiya?"

Mode ya dubi ƙasa. Safinatu ta ce, "Na sani."

Likitan ya buɗe baki, ya dubi ƙafafunta da suka yi buɗu-buɗu da jinin da ya bushe a wuyan rigarta, sai ya rufe. Ya ce za su yi iyakar ƙoƙarinsu. Ya ce da a ranar farko ne, aikin minti goma ne.

Sun ciro batir ɗin kafin la'asar. Ya yi baƙi, gefensa ya zaizaye. Amma ya riga ya huda inda ya zauna, ya ci har jijiyar da ke bayansa. Safinatu ta zauna a bakin gadon, hannunta a kan ƙafar Maniru, a gaban ma'aikata da masu jinya da kowa, ba ta janye ba. Litinin da hantsi jinin ya sake ɓallewa, kuma wannan karon bai tsaya ba.

Tukur ya iso bayan an rufe wa yaron fuska, da babbar rigarsa ta taro, da hoton ɗan takara a maƙale a ƙirji. Ya yi kuka, kukan gaske, har sai da aka riƙe shi. A mota, gawar tana naɗe a cinyar Mode, ya juyo ya ce wa matarsa a hankali, "In an tambaya, zazzaɓi na. Kin ji? Kwana ya ƙare. Kada a tada ma Inna hankali, ta tsuhwa."

Haka aka faɗa a zaman makoki, haka kuma aka karɓa. Kowa a gidan yana da abin da zai dafa ya miƙe. Tukur ba ya gari, kuma ya bar yaron a hannun wadda ta haife shi. Inna ta yi duk abin da aka yi mata, aka yi wa 'ya'yanta tara. Bawa an kira shi ne, kuma ya ga belu. Mode ya faɗa tun ranar farko, har sau biyu ma. Babu wanda ya ƙi yaron nan a cikinsu, babu wanda ya taɓa ɗaga masa hannu. Da ƙiyayya ce ta kashe shi da an san ƙofar da za a je a tsaya. Mutum ɗaya ce ta san gaskiya tun ran Talata, ita ce kuma aka shekara ashirin ana koya wa yin shiru, ana yaba mata in ta yi.

Matan da suka cika tsakar gida ba batir suke zance ba. Ƙasa-ƙasa, a bayan mayafi, zancen kasuwa ake yi. Wai ba takalmi. Wai har "ɗana" ta ce, a gaban masu albasa. Wata ta ce ai fitar da aka yi da shi cikin rana da ɗanyen yanka, ita ta ƙarasa shi. Wata ta ce 'yan matan yanzu sai addu'a.

Ran sadakar uku mutanen Kajiji suka iso a bayan akori-kura. A cikinsu akwai Balaraba, uwar Safinatu. Sai da ta gaida Inna Uwani, ta gaida Tukur, ta bi matan gidan ɗaya bayan ɗaya, har maƙwabta, sannan da aka watse yin azahar ta shiga ɗakin 'yarta. Safinatu ce ta fari a wurinta. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, ita ma Safinatu Adda take ce mata, yadda ta ji ƙannen uwar suna faɗa. Balaraba ta zauna a ɗaya bakin tabarmar, ta juya fuska wajen bango inda aka jera kwanoni.

"An yi haƙuri," ta ce wa kwanonin.

"Haƙuri sai ma'aiki."

A waje ana zuba ruwa a buta.

"Wai an ce an hita kasuwa. An ce an kira suna."

"An kira."

"Har Kajiji an ji." Balaraba ta ja bakin mayafinta. "Ban iya hita ɗibar ruwa shekaranjiya."

Safinatu ta dubi bayan uwarta, ƙashin kafaɗar da ya fito ta cikin mayafi, wuyan da ya fara tattarewa. Ba ta ji haushi ba. Abin da ta ji ya fi haushi nauyi.

"Adda," ta ce. "Da ni ta nih haɗiye shi, ina shekara uku, kina gani. Kwana nawa za ki yi?"

Balaraba ba ta juyo ba. Kafaɗunta suka ɗaga sau ɗaya suka sauka. Can sai hannunta ya sauka a kan tabarma, ya fara tafiya ta baya a hankali, yatsu suna lalube, ita kuwa fuskarta tana wajen bango. Ya wuce tsakiyar tabarmar. Saura kamar taƙi ɗaya ya kai ƙafar Safinatu aka ji takun Inna Uwani a bakin ƙofa, tana tambaya ko baƙi sun sami ruwan alwala.

Hannun ya koma cikin mayafi.

"Mun samu, Hajiya," in ji Balaraba. "Allah shi saka da alheri."